Ranar da Ya'u Dubai Ya Buɗe Otal a Ƙarfi

Duk wanda ya san garin Ƙarfi ta ƙasar Malumfashi ya san Zakariya'u, wanda a gida ake kira Ya'u, shi kuma ya laƙaba wa kansa Ya'u Dubai. A aji uku na sakandare ya ajiye biro, a cewarsa don ya lura malamai sun fara maimaita abin da ya riga ya sani, kuma shi ba ya son kunyata manya. Tafiya mafi nisa da ya taɓa yi a duniya ita ce Zariya, ita ma a saman buhunan masara. Amma in ka buɗe Fesbuk ka leƙa zauren nan na Matafiya Masu Aji, sai ka rantse fasfo ɗinsa ya cika har an ƙara masa takarda. Kullum ga hotonsa jingine da motar da ba tasa ba, a ƙofar gidan da bai san mai shi ba a Funtua, a ƙasa ya rubuta: "Gajiyar jirgi."

Da wannan bakin ya yi ta hawa har aka naɗa shi admin na zauren. Ba shi da gona, ba shi da mata, ba shi da ko akuya, amma yana da admin, kuma duk duniya babu abin da yake ji da shi kamar wannan muƙami. Ko a teburin mai shayi aka ce "Ya'u" ba ya juyowa sai an ce "Admin."

Wanda ya kafa zauren, Alhaji Isyaku, tsohon ma'aikacin banki ne a Kaduna, mutum mai tumbi da son tsari. Dokarsa ɗaya ce tak: duk wanda aka kama da ƙarya a kan tafiya ko masauki, waje, ko shi wane ne.

Ran nan ana tsakiyar bazara, Alhaji Isyaku ya jefo tambaya. "Jama'a, na gaji. Kullum sai wani ya kwana a ɗaki mai fanka ya zo ya ce mana ya sauka a otal na alfarma. Yau mu tsayar da magana. Mene ne otal na alfarma?"

Zaure ya kaure. Wata Hajiya Firdausi daga Abuja ta ce in dai ba a naɗe maka tawul kamar agwagwa a kan gado ba, to a gidan haya ka kwana. Wani ya ce sai mai bene da na'urar hawa. Wani bawan Allah ya ce shi dai in ya murɗa famfo ruwa ya zo, alfarma ta kai alfarma. Aka yi masa ca.

Ya'u na kwance a gindin bedi, ya bari sai da kowa ya gaji, sannan ya rubuta: "Ku yi haƙuri, da alama yawancinku a talabijin kuke ganin otal. Mu da muka kwana a cikinsu har suka gundure mu, ga abin da muka sani. Sanyi, har sai ka nemi bargo. Ruwan ninkaya a bayan ɗaki. Abinci ya same ka a gado. Uwa uba kuma shiru: ba sallama, ba ƙwanƙwasa ƙofa, ba mai tambayarka ya ka kwana. Duk wanda bai cika waɗannan ba, masaukin direbobi ne."

Aka yi ta danna masa babban yatsa. Da ya tsaya a nan, da ya sha. Amma yabo ya hau masa kai, yatsansa ya ƙi tsayawa. "Irinsa ma na gina a garinmu, Ƙarfi Intanashinal. Talla ce kawai ba na so."

Ba a jima ba sai ga Alhaji Isyaku. "Madalla, Admin. Ranar Asabar zan wuce Katsina, zan ratso in yi ƙailula a wurinka, mu nuna wa zaure kai tsaye. In ya cika abin da ka faɗa, maganarka ta zama ma'aunin zaure. In bai cika ba, ka san doka."

Ya'u ya karanta, ya sake karantawa. Sai ya rubuta: "Ɗakin shugaban ƙasa na jiranka."

Ya zari takalmi ya nufi wurin abokinsa Mahadi, mai tuƙa kurkura, keken nan mai ƙafa uku, tsakanin Ƙarfi da Malumfashi.

"Mahadi, otal nake so kafin Asabar."

"Ka kwana a ciki?"

"In mallaka."

Mahadi ya kashe inji ya dube shi. "Bakin nan naka dai, Ya'u, wata rana sai ya sa an rufe mu."

Dabarar kuwa tuni ta zo masa. Baffansa Lawal ya tafi Umra, ya bar siton masararsa da ya yi kusan wofi, da kuma kwamin siminti na kiwon kifi a bayan siton. Ciyar da kifin aikin Ya'u ne. Makullin sito kuma yana hannun Gwaggo Tsohuwa, yayar mahaifinsa, matar da ko mai unguwa ke canza hanya in ya hango ta da carbi a hannu da magana a baki.

"Mi za ka yi da makullin sito?" in ji ta.

"Shara, Gwaggo."

"Kai? Shara? Tun da aka yanke maka cibi ban ga ka ɗaga tsintsiya ba, sai in akuya ta rigaye ka inuwa."

"Mutum yana shiryuwa, Gwaggo."

"Mutum dai." Ta kwance makullin daga bakin zane ta jefa masa.

Aiki ya kankama. Suka tura ragowar buhuna lungu suka rufe da labule. Suka faki idon Gwaggo, ranar da ta tafi suna, suka ɗauko gadonta na ƙarfe da katifarta daga ɗakin ajiya. Janareto suka aro wurin mai aski, fanka wurin tela. Sanyi kuwa, Ya'u ya ce ƙanƙara za a sayo a Malumfashi a zuba a daro a gaban fanka, ko a Dubai haka ake yi, sai dai su suna ɓoye daron a bango. Ya zauna ya naɗe tawul da niyyar agwagwa. Mahadi ya zagaya abin ya ce, "Wannan ai kazar da mota ta taka ce."

Suka zo kan kwami, Ya'u ya shafe bayansa da shuɗin fenti. Mahadi ya leƙa ruwan, ya ga koren gansakuka, ya ga wani abu baƙi ya motsa.

"Ya'u, tarwada ce fa a ciki."

"A manyan otal da gangan ake zuba kifi, su yi wa baƙo tausa."

"Yaushe rabonka da ba su abinci?"

Ya'u ya dubi sama. "Suna azumin nafila."

Saura shiru, kuma shi ne babban aiki, don a Ƙarfi baƙon mutum ɗaya baƙon gari ne. Ba ya sauka ya huta sai dattawa sun jera sun gaishe shi, mata sun aiko da kwanuka, an tambaye shi hanya, da iyali, da waɗanda ya baro, da waɗanda suka baro shi. Saboda haka ranar Juma'a bayan la'asar Ya'u ya miƙe a ƙofar masallaci ya gyara murya.

"Jama'a, gobe ina da babban baƙo. Roƙona ɗaya ne. Kada kowa ya zo gaishe shi."

Liman ya gyara rawani. "Ba shi da lafiya ne? Ai sai mu je dubiya."

"Lafiyarsa ƙalau, Allah gafarta Malam."

"Rasuwa aka yi masa?"

"Ko ɗaya."

"To laifin me muka yi masa?"

"Tsarin turawa ne, Malam. Hutu."

"Mutum ya zo garin mutane don ya huta da mutane?" in ji wani dattijo. "To me ya hana shi shiga daji?"

Ranar Asabar da hantsi Ya'u ya lura bangon sito ya yi duhu, ya kwaɓa farar ƙasa ya shafe shi sama da ƙasa. Bai gama wanke hannu ba sai ga wata baƙar mota mai baƙin gilashi ta tsaya. Alhaji Isyaku ya fito cikin shadda ruwan toka, wayarsa a kan sanda, yana magana da zaure. "To jama'a, ga mu a Ƙarfi Intanashinal. Admin, wannan ƙarar ta mece ce?"

Janareton mai aski ne yake ruri kamar injin niƙa.

"Injin sanyi ne, Alhaji!" Ya'u ya ɗaga murya. "In ka shiga ciki shiru ne!"

"Me ka ce?"

"Na ce shiru ne!"

Suka shiga. Alhaji ya shaƙi iska. "Kamar ina jin ƙanshin masara."

"Turaren ɗaki ne na gargajiya. Turawa na rububinsa."

Alhaji ya dubi tawul, ya dubi daron ƙanƙara ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga bidiyon ya tsaya cak. A cikin sito babu sabis ko ɗigo. Ya'u ya yi hamdala a zuci.

"Da gangan muka toshe shi, Alhaji, don kada waya ta dami baƙo. Kawo ta nan, ni zan nuna wa zaure ruwan ninkaya kafin ka tashi."

Gajiyar tuƙi ta ci ƙarfin Alhaji. Ya miƙa waya, ya cire babbar riga da hula, ya zauna a bakin gado. Iskar ƙanƙara ta ɗan buso shi, ya lumshe ido. "To, ba laifi. Bari mu ga shirun."

"Salamu alaikum! Ina baƙon?"

Gwaggo Tsohuwa ce a bakin ƙofa da ƙwaryar fura, bayanta Liman da dattawa sun yi layi, bayansu kuma kwanukan tuwo na tafe a kan kawuna. Ya'u ya yi tsalle ya fita ya tare hanya, ya janyo ƙofar a bayansa.

"Gwaggo, ba na ce ba a gaisuwa ba?"

"Ka ce wa wa? Matsa in ga baƙo, ja'iri. Aljani ka ajiye da ba a ganinsa?"

"Yana barci."

"Sai ya tashi ya amsa ya koma. Barci gudu yake?"

Daga ciki Alhaji ya ce, "Admin, wace hayaniya ce wannan? Ina shirun da ka cika mu da shi?"

Nan Ya'u ya ga admin na shirin suɓucewa. Ya zaro ƙaton kwaɗon Baffa Lawal ya datse ƙofar ta waje, ya jefa makulli a aljihun wando. Furar Gwaggo kuwa ya karɓe, ya zagaya ya taka bulo ya tura ta ta 'yar tagar da ke can sama kusa da rufi. "Alhaji, abinci har gado! Miƙo hannu!" Ya dawo ya ga yara sun kewaye mota suna leƙe, ya janyo tamfol ɗin shanya masara ya lulluɓe ta ruf. Ana cikin haka wayar Alhaji ta yi ƙara, matarsa ce. Ya'u ya ɗauka a gaban kowa ya ce, "Hajiya, ba a ba shi waya yanzu. Sai na ga dama zan haɗa ku." Ya kashe, ya ja Mahadi suka yi bayan sito.

Dattawa suka dubi juna. Liman ya dubi kwaɗo, ya dubi motar da aka lulluɓe, ya dubi tagar da aka tura abinci.

"Baƙon da ba a yarda a gani ba," in ji shi a hankali.

"An karɓe masa waya," in ji wani.

"An hana shi magana da iyalinsa."

Gwaggo ta dafa ƙirji. "Inna lillahi! Ya'u ya fara satar mutane! Dama na ce zaman banzan nan da waya ba zai ƙare lafiya ba. A kira Aƙilu!"

A wannan yanki, a wannan zamani, ba a wasa da irin wannan magana. Kafin a ce me, labari ya kai wurin Aƙilu, shugaban 'yan sintirin gari.

Shi kuwa gogan, Ya'u, yana bayan sito, inda sabis ya dawo. Ya ba Mahadi waya ya riƙe, ya tuɓe riga, ya tsaya a bakin kwami yana buga ƙirji. "'Yan zaure, ga ruwan ninkayar Ƙarfi Intanashinal. Daga ƙasar waje aka kawo tsarin."

Mahadi na karanto masa saƙonni. "Hajiya Firdausi ta ce me ya sa ruwan kore ne."

"Ka ce mata na masu kuɗi kore ne. Shuɗi na talakawa ne."

"Wani ya ce in ka isa ka shiga."

"Ni? Ni da na yi iyo a tekun Dubai har jirgin ruwa ya ba ni hanya?"

Ya toshe hanci ya faɗa, tsundum.

Tarwadar Baffa Lawal ta saba duk abin da ya faɗo daga sama abinci ne, ga shi kuma an daɗe ba a ga komai ya faɗo ba. Ruwa ya tafasa. Suka yi masa rubdugu, wannan na tsotsar yatsa, wannan na cafkar cibiya, wata ƙatuwa ta shige ƙafar wando ta rasa hanyar fita.

"Wayyo Allah! Mahadi! Kashe bidiyon!"

"Ban san inda ake kashewa ba! Wannan ce tausar?"

"Tausar ce! Wayyo! Tausa ce mai ƙarfi!"

Daidai nan man janareto ya ƙare, ya yi tari ya mutu. Fanka ta tsaya. Ƙanƙara dama ta daɗe da zama ruwa. Sito mai rufin kwano, a tsakar ranar bazara, ƙofa a datse: cikin ɗan lokaci Alhaji Isyaku ya farka yana iyo a cikin guminsa. Ya lalubi ƙofa ya ja, ya ji ta gam. Ya fara dukanta da hannu biyu.

"Jama'a! Ku buɗe ni! A taimaka, zan mutu!"

Wannan ihu shi ya tarbi Aƙilu da mutanensa, da bindigogin toka da gorori da layu har gwiwar hannu, rabin gari na biye. Aƙilu ya raba su biyu, wasu suka tsare ƙofa, shi ya zagaya baya ya saita bindiga a kan kwami.

"Ya'u! Fito hannu sama!"

"Hannuna na riƙe da wando, Yallaɓai, akwai kifi a ciki!"

"Ina sauran 'yan ƙungiyarku?"

"Suna Fesbuk!"

"Ka ji ko!" Aƙilu ya juya wurin jama'a. "Ya amsa da bakinsa. Ku nawa ne?"

"Dubbai ne, Yallaɓai, ni ne ma admin!"

Mata suka ɗauki salati. Mahadi na riƙe da waya, ya ce, "Ya'u, Hajiya Firdausi ta ce su waye masu bindiga."

Ko a cikin ruwa bakin bai mutu ba. "Ka ce mata jami'an tsaron otal ne! Wane otal ne a Abuja ke ba baƙo ɗaya dakaru haka?"

"Makulli!" Aƙilu ya daka tsawa.

Ya'u ya sa hannu a aljihu, ya fito da shi wayam. Ya dubi koren ruwa, ya dubi Aƙilu. "Yallaɓai, ina jin ɗaya daga cikinsu ta haɗiye."

Aka kawo gatari. Sara kaɗan ƙofar Baffa Lawal ta faɗi, sai ga Alhaji Isyaku ya fito da rarrafe, daga shi sai singileti da wando. Garin laluben hanya ya goge bangon da bai bushe ba, farar ƙasa ta shafe shi tun daga goshi har tumbi, furar da aka turo ta taga kuma a kansa ta sauka. Yara suka watse da gudu suna cewa fatalwa.

Gwaggo ce ta fara isa gare shi. Ta durƙusa ta gyara mayafi, don gaisuwar da aka hana ta tun ɗazu tana nan a bakinta.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ya hanya? Ya iyali? Ya aka ji da wannan ibtila'i? Sun buge ka?" Sai idonta ya faɗa cikin sito. "Kai! Gadona! La'ananne, da gadon aurena kake satar mutane?"

Liman ya matso, dattawa suka bi layi, kowa na miƙa hannu. "Sannu, Alhaji. Allah ya kiyaye gaba. Ya gajiya?" Alhaji na haki yana amsawa, "Lafiya lau, ruwa, don Allah ruwa, lafiya lau." Sai da ya shanye moɗa guda, aka yi masa fifita, sannan ya iya yi musu bayani cewa ba sato shi aka yi ba, da ƙafarsa ya zo, otal aka ce masa.

"Otal?" in ji Aƙilu. Ya dubi sito, ya sauke bindiga cike da takaici. "Yanzu duk layun nan da na ɗaura, a kan otal ne?"

Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Alhaji Isyaku bai yi dariya ba. Ya miƙe ya zagaya bayan sito, gari na biye da shi, ya karɓi wayarsa a hannun Mahadi. Bidiyon na nan na tafiya, saƙonni na zuba kamar ruwan sama. Ya'u na tsaye a kwami ruwa iya ƙirji, ya kasa fitowa, don wandon ya riga ya bi kifi.

"Alhaji, a yi adalci," in ji shi. "Sanyi, ka ji shi da farko. Abinci ya same ka har gado."

"A ka ya same ni."

"Shiru kuwa, ka rantse wani ya shigo maka?"

Alhaji ya share fura daga gira, ya juya wayar ta kalli fuskarsa. "'Yan zaure, mun sha gardama a kan tawul da bene da famfo. Yau na samo muku amsa, kuma da jikina na samo ta. Otal na alfarma shi ne wanda baƙo ke kulle ƙofarsa ta ciki. An rufe wannan magana. Saura doka."

Ya shiga lalubar sunan Ya'u Dubai da yatsa.

"Alhaji, tsaya! Don girman Allah kafin ka danna, ai ba ka gwada ruwan ninkayar ba tukuna!"

"Na danna," in ji Alhaji.